Ƙaurin Leda a Majami'ar Tasawa

Ku gafarce ni da na yi ƙarfin halin ɗaukar alƙalami. Ni ɗalibar lise ce, wato babbar sakandare, na saba karanta na wasu, ban taɓa rubuta nawa ba, ko a ƙungiyar mawaƙa ma layin baya nake tsayawa. Amma abin da ya faru a ƙaramar majami'armu ta Tasawa ana ta ba da shi a karkace. Shi ya sa na rubuta. In na yi tuntuɓe a yi mini haƙuri.

Ranar Lahadi da safe, kafin a fara sujada, Irmiya mai kaɗa gitar ya kunna ƙaramin amfilin da aka kawo gwaji, wato akwatin ƙara sautin kiɗa. Ya jira ya ɗauki zafi, sannan ya taɓa tsirkiya. Wata shaƙaƙƙiyar murya ce ta fito, tana kakkaryewa. Ya sake taɓawa. Haka dai.

Mai amfilin, Abdul Razak, mai gyaran rediyo ne daga Mayahi, ya iso kenan a kan moto, wato babur, don jin shawarar ikilisiya. Ya durƙusa ya leƙa bayan akwatin, ya daɗe bai ɗago ba.

"Waɗanga ba kwalabena ba ne," ya ce. "An canza mini."

Ga yadda abin ya samo asali. Ikilisiya ta tara gudummawa don sayen amfili irin na da, mai kwalaben gilashi a ciki, waɗanda ke ja kamar garwashi in sun yi zafi. Masu kiɗa sun ce muryarsa ta fi ta na zamani kauri da taushi. Biyu aka samu. Na Abdul Razak ƙarami ne, mai tsada. Ɗayan babba ne, fatarsa ta koɗe, na marigayi Malam Isaïe wanda ya kaɗa gitar a majami'ar nan tun kafin a haifi Irmiya. Malam ɗin ya rasu a daminar bara. Matarsa, Inna Keziya, ta ce a ɗauka a kan ko nawa ne. Ranar Asabar da yamma aka gwada su gefe da gefe. Ƙaramin ya cika ɗakin da murya garau. Babban ya yi ta tari. Aka bar su duka a majami'a, a kan gobe za a yanke shawara, Irmiya ya kulle ƙofa ya tafi da makulli.

Abdul Razak bai yi zagi ba. Waya ya ɗauko ya kira jandarma.

Ajudan Na Allah ne ya zo, babba a cikin jandarmomi, wani dogo mai furfura a gefen kunne, wanda ba ya ɗaga murya. Fasto ya roƙi a bari a yi waƙar buɗewa da addu'a tukuna. Ajudan ya cire hularsa ya tsaya bakin ƙofa har aka gama. Mata suka rera babu gitar. Damaris, shugabar mawaƙa, ita ta buga tulu, kiɗan yana gaba waƙar tana baya. Da aka ce amin, ya jawo benci gaban bagade ya zauna.

Da Irmiya ya fara.

"Makulli nawa ne?"

"Ɗaya ne, ranka ya daɗe. Ga shi."

"Ina ya kwana?"

"A aljihuna."

"An fasa ƙofa ko taga?"

"A'a."

"Ka san abin da amsoshin nan ke nufi?"

"Na sani. Amma ban taɓa kayan mutum ba."

Dattijo Simon, ma'ajin ikilisiya, ya yi gyaran murya. "Yaron nan yana shirin zuwa Maradi neman aikin kiɗa. Kowa ya san ba shi da guzuri."

Mahaifiyar Irmiya ta rufe fuska da mayafi. A unguwa irin tamu, wanda motar jandarma ta ɗauka daga cikin majami'a, ko an sako shi da yamma, sunan ya zauna masa.

Ajudan ya juya ga Abdul Razak. "Kai fa? Mai kaya ma yakan lalata kayansa don a biya shi dole."

"Shef, ni da kiran la'asar na bar nan. Suna cikin kaɗa nawa na tafi, yana kuka lafiya lau. A tambayi kowa."

Kowa ya shaida haka.

"Kwalaben nan, ina ake sayar da irinsu a Tasawa?"

"Babu. Ko Maradi sai an yi sa'a. Nawa daga Kano na sa aka kawo mini."

"To wanda ya cire naka, ina ya samo waɗanda ya maye gurbinsu?"

Ajudan ya nuna babban amfilin da haɓa.

"A kunna wancan."

Irmiya ya jona gitar. Da farko shiru, don irin wannan amfili sai ya ɗumama yake magana. Can sai ya ja tsirkiya ɗaya. Muryar da ta fito ta sa tsofaffi ɗaga kai. Mai zurfi ce, mai ɗumi, tana daɗewa a iska kafin ta mutu. Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, Malam Isaïe."

"Ga kwalabena nan," in ji Abdul Razak. "Jiya da bakina na ce iri ɗaya ne da nawa, nasa sun gaji ne kawai. Ashe wani na saurare."

"To ai magana ta ƙare," in ji Simon. "Wa ya koya wa Irmiya gitar? Marigayi. Wa ya iya buɗe cikin abin nan? Shi. So yake a sayi na malaminsa."

Hankalin Ajudan na wani wuri. Hanci yake ɗagawa.

"Mi ke ƙauri haka?"

Damaris ta shinshina. "Kamar ana ƙona leda."

Ya sa aka kashe amfilin, aka juya bayansa wajen hasken taga. Ya miƙa hannu, Irmiya da Abdul Razak suka yi magana a tare: "Kada ka taɓa!"

"Don mi?"

"Zai ɗauke maka fata, shef. Sai an bar shi ya huce."

Ajudan ya janye hannu, ya duƙa ya duba da ido. A jikin kwalba ɗaya akwai guntun baƙar leda, ta narke ta manne, gefenta ya yage.

"In kwalba tana da sanyi, na kama ta da leda, za ta manne?"

"Ina! Sai da zafi."

"Bayan an kashe, zafin yakan daɗe?"

"Bai wuce a sha shayin farko ba."

Ajudan ya miƙe. "Kenan ba bayan an kulle ƙofa aka yi aikin nan ba. Makulli ba ruwansa. Jiya da kuka gama gwaji, mi kuka yi?"

Fasto ya ce, "Abin da muka saba. Muka fita ƙarƙashin itacen bedi, muka yi da'ira, muka riƙe hannun juna, muka yi addu'ar rufewa."

"Ido a rufe?"

"A rufe."

"Wa ya yi addu'ar?"

"Dattijo Simon."

"Doguwa ce?"

Wani daga baya ya ce, "Ai in Dattijo ya fara daga Adamu, sai ya kai Ru'ya ta Yohanna." Aka yi ƴar dariya, ta mutu nan take.

"To Dattijo ya fita, tunda muryarsa ba ta yanke ba. Irmiya, wa ya riƙe hannunka?"

"Damaris a dama, Fasto a hagu."

Dukansu suka ce bai saki ba har amin. Ajudan ya kama hannayen Irmiya ya juya su. Kanta ce kawai a kan yatsun hagu, irin ta masu gitar. Babu ƙuna.

Sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi wanda ya riƙe masa hannu, da'irar ta haɗu a bakinsu. Ya tsaya gaban Damaris.

"Ɗazu na ji kina bugun tulu. Ki yi haƙuri, ba aikinki ba ne."

Damaris ta sunkuyar da kai. "Ba ni ce mai bugawa ba. Yau ne aka ce in karɓa."

"Wa ya ce?"

Tambayar ba ta ma buƙatar amsa. Duk majami'ar ta san mai tulu, kuma ta san wadda ke shiga ajiye shi bayan bagade in an tashi. Sunan da bai fito a da'ira ba kenan.

Inna Keziya tana zaune a bencinta na kullum, hannun dama cikin zane. Ajudan ya je ya durƙusa a gabanta, ya rage murya.

"Inna, in ga hannunki."

Ta dubi babban amfilin. Sannan ta fito da hannun. Babban yatsa da manuni sun tashi ruwa, an shafa musu man kaɗanya.

"Da hannu na fara kamawa," ta ce. "Malam da safe yake cire su ya goge, ban taɓa ganin ya yi da zafi ba. Da na ƙone sai na ɗauki ledar ƙuli-ƙulin da na kawo wa yara."

"Kuɗin kike so, Inna?"

"Wane kuɗi? Da an ce in bayar kyauta, da na bayar." Ta juya wajen Simon. "Jiya kai ka ce muryar amfilin Malam kamar jaki mai mura. Kuka yi dariya, har da waɗanda ya kaɗa wa ranar aurensu. Abin nan a ka nake ɗauko masa shi zuwa Korgom in ana taron bishara. Na ce su ji shi sau ɗaya yadda yake. In an tashi sujada in mayar, ba wanda ya sani."

Simon ya dubi ƙasa.

"Kina zaune aka kira yaron nan ɓarawo," in ji Ajudan.

"Ina zaune. Na buɗe baki, ya ƙi buɗuwa." Ta dubi Irmiya. "Ɗana."

Irmiya bai ɗago ba. Yana ta naɗe igiyar gitar a hannu yana warwarewa.

Ajudan ya koma tsakiyar ɗaki ya yi bayani a taƙaice, don kowa ya ji da kunnensa. Kwalaben ba su bar majami'a ba, tunda babu irinsu a gari. Ledar ta nuna an cire su da zafi, wato lokacin addu'a, ba bayan kullewa ba. Wanda ya san amfili ba zai kama su da zafi ba. Mutum ɗaya ne ba ya cikin da'ira, kuma mutum ɗaya ne ya kasa aikin hannunsa yau.

"Irmiya ba shi da laifi. Wanda ya faɗi akasin haka a waje, ni ya ƙaryata." Ya dubi Abdul Razak. "Kai ka kira ni. Za ka shigar da ƙara, in tafi da ita?"

Abdul Razak ya shafa gemu. "In kai tsohuwa gidan jandarma kan kayan da ga su a gabana? A'a, shef. A mayar mini da abina kawai." Ya dubi babban amfilin. "Amma yanzu da zafi, ba a taɓawa. Tunda dole a jira, a kunna shi. Ni ma ban ji shi sosai ba. Akwatin nan ya fi nawa, gaskiya, in ya samu kwalabe."

Duk ido ya koma kan Irmiya. Mahaifiyarsa ta kama hannun rigarsa, tana so su tafi gida. Ya tsaya har na fara tunanin zai bi ta. Sai ya zare hannunta a hankali, ya rataya gitar, ya juya wa bencin Inna Keziya baya, ya kunna.

Waƙar da aka yi a jana'izar Malam Isaïe ya ɗauko. Tsofaffi suka kama, sannan mu. Inna Keziya ba ta rera ba. Ta ɗora hannun mai ƙunar a gwiwa, a buɗe, kowa yana gani. Irmiya ya kai ƙarshen baiti na farko bai waiwaye ta ba, ya shiga na biyu.

Ni dai ban iya tsayawa a ƙare waƙar ba. Na ɗauki takalmana a hannu na bi ta ƙofar gefe, kafin wani ya lura layin baya ya ragu.