Maɓalli a Kafaɗa

A ɗakin jira na sashen gashin ƙashi Dogo ya fara ganinta. Kawunsa ya kawo, yana ta kokawar zare masa riga daga hannun da ya shanye, tsohon na cije leɓe. Ita kuwa a bencin gaba, maɓallai huɗu kawai ta ɓalle a kafaɗar mahaifinta, riga ta zame kamar ɓawon ayaba.

Ya tambaye ta inda ta saya. Ta ce ita ta ɗinka. Tela ce, Auta ake ce mata a gida, kuma tun da ɓarin jikin Baba ya shanye take farke masa riguna tana sake musu fasali.

Dogo talla yake yi a intanet. Wata biyar shi da abokin sana'arsa Gwani suna neman hajar da za su riƙe. Turare, takalma, man shafawa, duk inda suka leƙa sai su tarar da mutum dubu a gabansu suna karya farashi. Ranar ya koma ofis ya bincika, ya ga masu neman kayan da za a sa wa majinyaci ba tare da wahala ba sun yi yawa, mai sayarwa kuwa babu.

Ya tura mata saƙo: "Auta, wata biyar ina neman abin da ake buƙata amma babu mai yi. Ashe yana hannunki."

Ta amsa: "Rigar kake so ko mai ɗinkin?"

Ya rubuta ya goge har sau uku. "Da riga na fara, Sanyin Idona. Yanzu na kasa raba su."

Da maganar aure ta taso kuwa, Baba bai yi na'am ba. Tsohon shugaban makaranta ne, wanda bai saba a gan shi a kwance ba. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da shagonsa ke cikin aljihu ba, ba kuma zai yarda a mai da ciwonsa haja ba. Auta ta sa Dogo ya yi mata alkawari: ko inuwar Baba ba za ta fito a talla ba.

Sai dai akwai wani ɗan bidiyo da ta taɓa tura masa don ya ga yadda rigar ke buɗewa, shi kuma ya bar shi a kwamfutar ofis.

Wata safiya yayanta ya shigo da waya ya miƙa wa Baba. Baba ya kalli kansa a shafin tallar Dogo, baki a karkace, ana ɓalle masa riga a gaban duniya. Ya sa aka ɗauko masa tsohuwar rigarsa, aka cusa masa ita ta ka. Auta na tsaye a bakin ƙofa tana jin nishinsa.

Ta rubuta wa Dogo: "Na ba ka amanar mahaifina ka kai shi kasuwa. Kada ka ƙara kirana."

Kwana uku ba ta taɓa keken ɗinki ba. A na huɗu saƙon Gwani ya shigo, yana cika baki cewa shi ya saki bidiyon, ga masu saye sun yi caa, yana kuma neman ta rabu da Dogo matsoraci ta dawo gare shi, a kasuwa da ma abin da ya fi kasuwa. Ta buɗe shafin ta tarar babu shi. Dogo ya rufe shi gaba ɗaya, ya raba gari da Gwani.

Da yamma Dogo ya zo, yana turo kawunsa a keken marasa lafiya. Yayan ya tare ƙofa, Baba ya ce a bar su. Dogo ya durƙusa, bai fake da kowa ba. Ya ce shi ya ajiye amana a inda hannu zai kai, laifin nasa ne.

Baba ya tambayi abin da mutane suka rubuta. Dariya suka yi?

Dogo ya karanta masa ɗaya da ya adana: "Shekara uku ina sa wa mijina riga yana kuka, ni ma ina yi. Don Allah ina zan samu wannan?"

Auta ta jingina da bango.

"Ba a haka za a nuna ni ba," in ji Baba a hankali. "A zaune za a ɗauke ni, ni zan yi bayani da bakina. Kai kuma ka daina fakewa da riga kana mana zarya. Ka turo manyanka."

Kawu ya gyara zama ya ce, "To ni da aka turo tun daga gida, ƙarami ne?"

Har yayan sai da ya yi dariya.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. A lokacin teloli uku ke ƙarƙashin Auta, Dogo kuma ya buɗe sabon shafi, Baba na kan gaba a cikinsa yana bayani kamar yana gaban aji.

Da za a tafi da ita, Baba ya riƙe hannunta da hannunsa mai lafiya. Kalmomin suna fitowa da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya tari numfashinsa.

"Allah Ya rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa wa marasa lafiya. Allah Ya ba ku masu jin ƙanku."

Jama'a suka amsa da amin. Auta ta kifa kanta a gwiwarsa, sai da Dogo ya jira.