Motar da Ta Je Tsafe Ba Kuloci

Ana saukowa daga sallar Juma'a, Joseph bakanike ya tarar garejinsa na Gusau wayam. Motar Alhaji Ɗahiru ta ɓace, tsohuwar 'yar Amirka mai silinda takwas, wadda in ta yi gurnani har tagogin maƙwabta sai sun amsa. Giyarta mai canza kanta ce ta mutu, Joseph yana mayar da ita giyar hannu.

Alhaji ya sa aka tsare Joseph. Kafin la'asar aka tsinci motar a Tsafe, ƙofar gidan gadon Alhaji, ko ƙwarzane babu.

Sufeto Kamilu ya fara da Joseph.

"Kai ka fid da ita?"

"Oga, ta yaya? Kulocin ma ban haɗa ba. Fedar kawai ke lilo."

Sufeto ya je Tsafe ya danna fedar da hannu, ta tafi ƙasa ba nauyi. Gaskiyar Joseph ce. Ke nan wani ya tuƙo wannan dodo daga Gusau ba kuloci. A kan dardumar motar kuma ga tabon ƙasa, zagaye kamar kwabo.

Mahadi, ɗan Alhaji, na da makulli, amma ko giya ɗaya bai iya sakawa ba, sai saka turare. Saura Malam Bashiru, direban motar shekara ashirin da biyu.

"Bar wanga," in ji Alhaji. "Ƙafarshi ta hagu ta shanye, ba ya iya taka kuloci. Shi ya sa nic ce ya huta."

Sufeto ya sami tsohon a bakin gareji, ya duba gindin sandarsa. Daidai da tabon.

"Baba, kowa ya cire ka daga zargi don ba ka taka kuloci. Wanda ya ɗauke ta bai buƙace shi ba. Yaya ka yi?"

Malam Bashiru ya yi murmushi. "Kahin haɗarin da ya ci ƙafata, babbar mota nika ja. Cikin giya nit tashe ta. Sauran kuwa kunne na. In ta kai wata murya, sai in zare giya, in saurara, in tura ta gaba."

"Don mi ka yi haka?" in ji Alhaji.

"Kun sallame ni ba ku tambaye ni ba, Alhaji. Wahalar Joseph ce kaɗai ta dame ni. Shi gafarce ni."

Aka saki Joseph. Ya kwance giyar a gaban kowa, ya bi haƙoranta da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ko guda bai gutsure ba. Ya cire wa tsohon hularsa.

Alhaji ya janye ƙara, ya miƙa wa tsohon makulli.

"Joseph, gobe ka haɗa kulocin," in ji Alhaji.

"Haɗa shi," in ji Malam Bashiru. "Mahadi na buƙata."