Sunan Inna ta Kufai

Da la'asar Kalilu ya hau mashin ya bar Lafia, ya nufi wani ƙauye bayan Arikya, ransa a ɓace. Gobe sunan 'yarsa. Mahaifinsa, da ke kwance ba lafiya, ya kafe sai an sa wa jaririyar sunan uwarsa, kakar Kalilu. To, wa ya san sunan? Tsohon yana goye ta rasu, dangi kuwa "Inna" kawai suke cewa. Alkunya ta cinye sunan mutum ɗungurungum!

A ƙauyen ma haushi ya ƙara sha. Wannan ya ce 'yar ƙabilar Alago ce, wancan ya ce daga Kano aka kawo ta. Kowa ya san kakan kakan maƙwabcinsa, amma da an zo kan Inna sai a hau tari.

"Baba, suna fa kawai nake nema," ya ce wa mai unguwa.

"Yaro, wannan mata ba a kiran sunan shi. Ba kunya ba ne. Ka koma gida."

Kalilu ya yi tsaki a ciki. Taurin kai dai gadonsa ne. Ya tambayi hanyar kufai, inda gidanta yake a da, ya bi ta cikin gonakin doya.

Rana ta yi ja. Kukan tsuntsaye ya ɗauke. Sai warin daddawa, a wurin da ba murhu ko ɗaya.

Sai ƙarar daka. Dum. Dum.

Wata tsohuwa ce a gindin ɗorawa, ta ba shi baya. Ya yi sallama. Ta hau jero sunaye a hankali, kowane suna da saukar taɓarya. Kakansa. Mahaifinsa. Shi kansa.

"Sai jaririyar," ta ce da raɗa. "Ita ce ba ta da suna."

Ya leƙa turmin. Ba kome ciki.

"Na gaji da zama nan. Ka ba ta nawa, in dawo gida."

Ta faɗi sunan. A cikin kunnensa ya ji shi, da sanyin numfashi, alhali tana can tsaye.

Ta fara juyowa.

Bai jira ganin fuskar ba. Ya zura da gudu yana salati, dakan na binsa har bakin mashin.

Da safe liman ya nemi suna, Kalilu ya ce Mutmainna. Mahaifinsa ya juya fuska bango, har ya rasu bai ƙara yi masa magana ba. Wancan sunan kuwa Kalilu bai gaya wa kowa ba, ni ma ba za ku ji shi a bakina ba.

Yarinya ta yi wayo, amma ko an wuni ana kiran Mutmainna ba ta waigowa. An duba kunne, lafiya lau. Abin ya ishi Kalilu. Wata yamma tana wasa a tsakar gida, ya tsaya daga zaure ya motsa leɓe da wancan sunan, ko sauti bai fita ba.

Ta ajiye abin wasan, ta juyo.

"Na'am, jikana."