Likita Ko Suruki

"Kada ki shigo!"

Coralie ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a bakin ƙofar ofishin likita, ɗaya a waje.

"Na'am?"

"Na ce kada ki shigo," in ji likitan. "Don Allah, Coralie... ki koma."

Ɗakin jira a cike yake. Mutanen garinmu, waɗanda ko tari ka yi a ɗakinka sai sun san na mura ne ko na taba, duk suka sauke mujallun hannunsu suka zuba ido.

Ba don idon jama'a ba da ta fashe da kuka. Tun da tsohon likitan garin ya yi ritaya, rabin mutanen wannan gaɓar teku ta Gaspésie a ƙasar Kanada suke layin gwamnati suna jiran a haɗa su da likitan iyali. Shekara shida sunan Coralie Roussy yana layin nan. Wanda ciwo ya kama sai ya tuƙa mota zuwa babban asibiti, ya wuni kan kujera a sashen gaggawa. Sai ga Likita Loïc Bujold ya sauka garin, saurayi, mai sanyin murya, kuma kullum da yamma sai ya biyo shagon kifinta ya sayi jatan lande, ya daɗe yana zaɓe kamar mai zaɓen zobe.

Jiya kuma Josiane, sakatariyar asibitin, ta kira ta baki har kunne.

"Albishirinki, ƙawata! Ni da kaina na jawo sunanki sama. Gobe ki zo ki sa hannu, kin zama tasa."

To, yau ga shi ya tare ƙofa kamar ta zo da annoba.

Ta juya ta fice, kunnuwanta suna zafi. Amma kafin ta kai mota fushin ya fara sauka, son sani ya maye gurbinsa. Me ya gani? Ya karɓi mahaifiyarta, ya karɓi maƙwabta, har mai gyaran kwalekwale da ke zagin likitoci ya karɓa. Ita me ta yi? Ƙarnin kifi ne? Sai da ta sunsuna hannun rigarta sau biyu a hanya.

Da yamma tana goge sikelin awo ƙararrawar ƙofar shago ta kaɗa.

"Jatan lande ya ƙare," ta ce ba tare da ta ɗago ba.

"Ga shi can cike da tire."

"Naka ne ya ƙare, Likita."

Ya yi murmushi, ya cire hular sanyinsa yana murza ta.

"Ki tambaye ni dalili mana."

"Ai tun safe nake tambayar kaina! Ciwona ya fi ƙarfinka ne? Ko fuskata ce ba ta yi maka ba?"

"Ita ce ta yi mini, shi ne matsalar."

Tsumman hannunta ya faɗi.

"Coralie, da kin shigo ɗakin nan kin sa hannu, kin zama majinyaciyata. A aikinmu likita ba ya neman wadda yake dubawa. Ko kofin shayi ba zan iya gayyatarki ba." Ya sauke murya. "Ni kuma firijina ya cika da jatan lande. Ko iya dafa shi ban yi ba."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye ya biyo baya. Daɗi ta ji. Sai kuma wani abu ya faɗo mata a rai.

"Josiane ta san da wannan doka?"

"Shekararta goma a asibiti."

"Lallai ƙawata!"

Ta isa gida kamar ba ta taka ƙasa. Mahaifiyarta Ghislaine tana zaune gaban murhu, ƙafarta mai kumburi a kan matashi. Ta saurari labarin har ƙarshe ba ta ko ƙifta ido ba.

"In ya aure ki, ni na zama mece ce tasa?"

"Suruka mana, Mama."

"Likita yana duba surukarsa?"

Nan take Coralie ta gane. Ba ya dubawa, ai dokar ɗaya ce.

"Ki dubi ƙafar nan!" Ghislaine ta buga matashin. "Ga ciwon suga, ga hawan jini. Sai da na binne ubanki ina layi, yanzu da na samu mai sanin sunan magungunana za ki mayar mini da shi suruki? Miji ko a bakin tashar jirgi kya samu, 'yar nan. Likita fa?"

"Mama, ina son sa..."

"Ni ma ina son ƙafata."

Coralie ta san gaskiya tsohuwar ta faɗa. Washegari ta aika masa saƙo cewa ya daina zuwa shago. Ya kuwa daina. Dusar ƙanƙara ta rufe gari, Josiane ta canza kalar gashi, ta shiga kai wa likitan miya ofis kullum. Coralie ta ci gaba da sayar da kifi, amma duk kaɗawar ƙararrawa sai ta ɗago, har wuyanta ya soma ciwo. Abinci ma sai dai ta juya cokali. Duk wannan Ghislaine tana gani.

Ranar da lokacin ganin likitan tsohuwar ya zo, Coralie ce ta tuƙa ta.

"Zan jira ki a mota."

"Wa zai cire mini takalmi? Wuce mu je."

A ciki Loïc ya gaishe su a ladabce, idonsa a kan na'urar awon jini. Ya rame. Yana ɗaura wa Ghislaine abin awo a dantse, ita kuma tana ƙare masa kallo kamar kifin da take shakkar kwanansa.

"Kai, yaron nan, kana barci kuwa?"

"Ina taɓawa, Madam Roussy."

"Ƙarya kake. Wannan tarin fa? Wa ke duba ka?"

Ya ɗan yi dariya.

"Ba kowa. Ni ma ina layi."

"Kai ɗin?"

"Tun ina makaranta na yi rajista. Har yau ba a kira ni ba."

Ghislaine ta dubi likitan da ba shi da mai duba shi, ta juya ta dubi 'yarta da ke jingine da bango tana ƙirga tayil ɗin daɓe don kada ido ya haɗu. Ta daɗe tana kallon ƙafarta.

"Kwance mini abin nan."

"Ban gama ba..."

"Na ce ka kwance. Ka cire sunana, ka ba Madam Cotton maƙwabciyata gurbina, zuciyarta ta fi ƙafata lalacewa."

"Mama!" Coralie ta durƙusa gabanta. "A'a, wallahi na haƙura, ni na haƙura..."

"Na ga irin haƙurin naki, ya kusa kai ki sashen gaggawa. Layi ai na saba da shi." Muryarta ta ɗan karye, ta gyara ta da tsawa. "Kai kuma tsayuwar me kake? Yanzu kai ba likitan kowa ba ne a gidanmu. Yi mata magana!"

Loïc ya miƙa hannu ya ɗago Coralie.

"Kyakkyawata... za ki koya mini dafa jatan lande?"

Ta yi ta gyaɗa kai. Ta bayan ƙofa aka ji Josiane ta dire kwanon miya kan tebur da ƙarfi.

Da zafi ya shigo aka ɗaura aure a cocin bakin teku. Bayan kwana kaɗan Coralie ta tarar da mahaifiyarta riƙe da waya, tana sabunta rajistar layi. Ma'aikaciyar ta tambaya, muryarta tana fitowa tar:

"Kina da likitan iyali, Madam?"

Ghislaine ta gyara ƙafarta a kan matashi.

"Ba ni da shi. Amma ki rubuta ina da suruki."