Bugu Ɗaya Tak

Bangon ɗakinta ne ya kai ta, ba so ba. Ta gaji da dawowa daga aikin jinya ta tarar da farin fenti yana kallonta, sai ta leƙa wani ɗan shagon hotuna a bayan tashar mota. Can ƙurya ta hango saurayi ya duƙa kan allon katako yana sassaƙa, yatsunsa baƙi ƙirin da tawada.

"Malam, wannan tsuntsun da hannu ka zana?"

"Bugu ne, ranki ya daɗe. Katako nake sassaƙawa, in shafa masa tawada, in ɗora takarda in murza da bayan cokali."

Ta gyaɗa kai kamar ta gane, alhali murmushinsa take kallo. Bayanin duk ya bi iska.

Ta sayi tsuntsun. Da albashi ya shigo ta dawo ta sayi kwale-kwale, sannan itacen mangwaro. Kafin a ankara bango ya cika, zuciya ma haka. Ta laƙaba masa Tawada, shi kuwa Mai Bango yake ce mata. Ranar da ya furta mata soyayyarsa, kyautar bugu ya miƙa mata: kofunan shayi biyu a bakin taga.

"Ni da ke ne," in ji shi.

Babanta, tsohon kafinta, bai ji daɗin zancen ba. "Yaron da ke ɓata katako mai kyau don ya sayar da takarda? Ba da 'yata ba."

Wannan ba ta gama kwanta mata ba, sai ga wata. Ta shiga ofishin wata likita kai rahoto, ta ga kofunanta biyu a bango, taga da komai.

"Wani yaro mai fara'a ne ya kawo min da kansa," in ji likitar.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta tura masa saƙo: "Ashe kofunanmu har ofishin likita suke zuwa shan shayi."

Amsa ta zo nan take: "Mai Bangona, duba ƙasan takardar, da fensir: 3/20. Katako ɗaya, bugu ashirin. Ita saya ta yi, ke ba ki na yi."

"Wato ni ɗaya ce cikin ashirin. Na gode."

Ta daina ɗaga wayarsa. Ta juya hoton ya fuskanci bango, amma ta kasa sauke shi.

Wata Asabar sai ga shi a rumfar Baba da allo a hammata, ya roƙi a kira ta. Ta fito fuska a ɗaure. Ya shafa wa allon tawada, ya ɗora takarda, ya yi ta murzawa da cokali har zufa ta karyo masa. Da ya ɗaga, sai ga fuskarta ta gefe, har da ɗan tabon gira. Ya rubuta a ƙasa: 1/1.

"Baba, a sana'armu in an gama bugu, lalata katakon ake yi don kada a ƙara. Ga shi, ka fasa shi da hannunka. Ita ɗaya ce, Baba."

Hawaye ya zubo mata. Baba ya ɗauki kurfi da guduma, ya shafa sassaƙar da babban yatsa, ya daɗe yana bin layin girar. Sai ya ajiye guduma.

"Wa ya koya maka bin jijiyar itace haka?"

"Kuskure, Baba."

"To wannan ba a fasa shi. A wurina zai zauna. Ka turo manyanka."

Ta share ido, ta harari Tawada. "Tabon ma sai da ka saka?"

"Shi na fara gani, Mai Bangona."

Bayan ɗaurin aure Baba ya zo sabon gidansu da firam ɗin da ya haɗa da kansa. A ciki ya jera katakon da bugun, ya rufe su da gilashi. Da yake bugu a juye yake fitowa, fuskokin biyu juna suke kallo.

Ya buga ƙusa, ya rataye, ya ja da baya.

"Mai son ƙara bugu sai ya fara fasa aikina. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Suka amsa da amin, hannunta cikin nasa, tawadar har ta shafe ta.