Kujerar Hagu

"Ta sake juyar da fuska!" in ji 'yar ƙanwar Mama, cikin irin raɗar da ake yi don kowa ya ji.

Malama ta ajiye cokali.

Yau ta fara cin abinci a gidan su Injiniya, wanda za ta aura, wata biyu bayan an cire mata ƙari a ƙasan kunnen hagu. Likita ya ce ba cutar daji ba ce, sai dai ƙarin ya kwanta kan jijiyar murya da haɗiya. Ya fita lafiya, ya tafi da rabin muryarta. Aka koya mata dabara: in za ta haɗiye, ta juya kai hagu, kada ta ƙware.

Likita dai bai san Mama, uwar miji, za ta zauna a dama ba.

"'Yata," Mama ta ce a sanyaye, "in girkina bai yi miki ba, ni za ki gaya wa, ba bango ba."

"Mama... wallahi..."

Muryar ba ta kai tsakiyar tebur ba.

"Ko amsa ba mu isa ba," in ji 'yar ƙanwar, wadda tun tana firamare take sa ran auren Injiniya, har ta zaɓa wa ɗakin Yayan nata labule.

"Mai raina ni ba za ta shigo gidan nan ba!" Mama ta yanke.

Injiniya, da ke hagun Malama, ya sunkuyo. "Zuciyata, bari in faɗa..."

Ta girgiza kai. Ta sa shi ya rantse tun a asibiti ba zai faɗa wa kowa ba, gudun a ce ya kwaso majinyaciya.

Ta ɗauki kofin ruwa, ta dubi Mama ido cikin ido, ta kurɓa.

Tari ya sarƙe ta. Numfashi ya ƙi fita!

"Innalillahi!" Mama ta zabura tana bubbuga bayanta. Nan rantsuwar Injiniya ta ƙare, ya zayyane komai.

"Kai dai an yi sakaran injiniya! Ka bar ni ina zuba rashin mutunci?" Ta share wa Malama hawaye da bakin mayafi. "Ke kuma, don ki dube ni sai ki kashe min kanki?"

Mama ta ɗauki farantinta ta zagayo hagun Malama, ta tsaya a kan Injiniya.

"Tashi min a kujerar nan."

"Haba Mama, wurina ne..."

"Bayan biki ka yi shekara hamsin a kai. Ci abincinki, 'yar albarka."