Gayya a Gonar Iyaka

"A maida musu goronsu!"

Ina tsugune gaban murhu muryar Baba ta daki kunnena. Ludayin hannuna ya suɓuce cikin miya.

"Malam, ka dai sassauta..." in ji Inna.

"Ba ni sassautawa, Larai! Ɗana Ashiru gardi na, mai tsaron ƙasar Nijar, shi ko wanga yaro sojan Najeriya. Gobe in aka ce su shigo muna, wa za shi auna da bindiga? Surukina shi halbe ɗana, ko ɗana shi halbe surukina?"

Na fito da hawaye na durƙusa gabansa.

"Baba, wallahi Muttaƙa ba ya..."

"Muhsina, tashi ki ba ni wuri!"

Na tashi na koma gaban murhu.

Kwana huɗu ke nan da ƙasashen CEDEAO, ƙungiyar yammacin Afirka, suka ba sojojin da suka karɓi mulki a Yamai wa'adin mako guda, ko su sauka ko a shigo da yaƙi. An rufe iyakar Ƙonni, an yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya. Rediyo kuwa kullum da sabon tashin hankali. Yau a ce sojan Faransa na nan ba su motsa ba, gobe a ce wasu Turawan daban za a gayyato su tare su. Kowa na ƙara wa maganar gishiri.

"Duk wanda ya ɗauko bindigarsa daga uwa duniya, a bisa kanmu za shi sauke ta," in ji Inna.

Gaskiya ta faɗa. Ƙauyenmu na kudu da Bazaga, kuma gonar Baba turken siminti na iyaka a tsakiyarta yake. Rabin geronmu na Nijar, rabi na Najeriya, ba mu taɓa tambayarsa takarda ba. A gindin turken nan na fara ganin Muttaƙa, ya zo hutu yana taya mahaifinsa noma a gonar da ke jikin tamu. Ya roƙi furar da na kawo wa Baba, ya shanye rabi, ya ce a rubuta sauran a kansa. Rashin kunyarsa ce ta fara burge ni, Allah Ya yafe mini.

A wajenmu saurayin da aka karɓi goronsa sai ya kawo gayya gonar surukinsa, ya tattaro abokansa su yi maimai a yini guda. Tun kafin wannan rikici Muttaƙa ya tsuguna gaban Baba ya yanke rana, Lahadin farko ta watan takwas. Sai ga shi ita ce ranar da wa'adin yaƙi ke cika.

Wanda ya hura wutar kuwa Tanimun ne, ɗan ƙanwar Baba. Ya neme ni bara na ce a'a, bai haɗiye ba. Yanzu shi ne shugaban samarin da ke tsaron hanyoyin daji, yana yawo da tsohuwar bindigar farautar kakanmu. Shi ya zauna ya karanta wa Baba cewa duk zancen da Muttaƙa ke zuwa, hanyoyin shigowa yake ƙirgawa.

Ya tare ni a bakin rijiya da yamma.

"Amaryar soja, ina ango? Ko sai ya zo da tankar yaƙi za a ɗaura?"

"Ka ji tsoron Allah, Tanimun."

"Ke za ki ji. Ke kika nuna mai hanya."

Na ɗauki tuluna na wuce.

Wayata ta kwana uku a mace. Ranar Asabar na samu mai shagon sola ya ɗan sa mata wuta, layi har bakin titi, aka cire ta tun ba ta ƙoshi ba. Na laɓe bayan rumbu na kira.

"Muhsinata! Hasken idona, ina kika shige?"

"Muttaƙa, saurare ni, Baba ya ce..."

"Na samu izinin kwana biyu in duba Innata. Ki ce wa Baba alkawari na nan, gobe da hantsi..."

"A'a! Don Allah kada ka..."

Ɗif. Ta mutu.

Na jijjiga ta, na buga ta a tafin hannu kamar mahaukaciya. Babu mai ƙetarawa ya kai saƙo, yaran Tanimun sun tsare kowace hanya. Na ce a raina ai yana da hankali, yana jin rediyo, ba zai zo ba. Na manta irin mutumin da nake so. In Muttaƙa ya ce gobe, to gobe ce.

Lahadi da hantsi ina shanya wanki na ji ihu daga kudancin gari.

"Sun shigo! Sojan Najeriya sun shigo!"

Innalillahi! Gari ya kife. Mata na jefa tabarmi da tukwane bisa amalanken jaki, awaki na tsalle, wata ta goya ɗan maƙwabciya ta bar nata. Inna ta damƙe hannuna.

"Tanimun ya kira su Ashiru, motarsu ta wuce gona. An ce masu shigowar sun fi talatin, kowa da bindiga a kafaɗa, har da gangar yaƙi!"

Ganga?

Na tsaya cak, na kasa kunne. Iska ta kawo mini ita daga nesa. Tun ina goye nake jin wannan kiɗan, duk damina.

Gangar noma ce.

"Inna, gayya ce! Muttaƙa ne!"

Na fizge hannuna na zura a guje, ko takalmi babu. Ƙaya ta soke ni ban ji ba. Gero ya kai ƙirji a lokacin, wanda ke tafe cikinsa kai kawai ake gani da abin da ya saɓa. Hauyarmu kuwa mai doguwar ƙota ce, ta noman tsaye. Mutum talatin a jere, kowa da dogon abu a kafaɗa, a ranar da duk duniya ta ce za a shigo... ko ni da na san gaskiya sai da gabana ya faɗi.

Na iske Yaya Ashiru da gardi biyar kwance bayan kunya, bakin bindigoginsu na kallon kudu. Tanimun na gefe, ya durƙusa da tasa.

"Yaya! Yaya, hauya ce! Wallahi hauya ce!"

"Muhsina, kwanta ƙasa!"

"Ka saurari gangar! Gayyar Baba ce!"

Ya ɗaga kai. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ɗaga hannu sama.

"Kada wanda ya halba! Kun ji ni? Kada..."

Daram!

Hayaƙi ya tashi daga bindigar Tanimun. Gangar ta yi shiru. Mutumin da ke gaba, mai farar taguwa, ya tafi ƙasa a hankali.

Ban san yadda na isa ba.

Muttaƙa na kwance taki ɗaya bayan turken, ta gefen Najeriya, gwiwarsa ta dama ta dagargaje, jini na bin kunyar gero. Na cire ɗankwalina na ɗaure masa cinya.

"Masoyina... wayyo Allah, na ce kada ka zo..."

"Ban ji ba," ya ce da ƙyar, har da ɗan murmushi. "Kuma da na ji ma..."

Abokinsa Nasiru, wanda suke bariki ɗaya, ya zaro waya, idanunsa jajur.

"An halbi sojan Najeriya a cikin ƙasarsa! Wallahi yanzu zan kira oga!"

Samarin suka ɗaga hauyoyi. Na ji ƙarar bindigogin gardi a bayana ana gyara su. Ni ce a tsakiya, da jini har gwiwar hannu.

Muttaƙa ya cafke wuyan hannun Nasiru.

"Ajiye wayar nan."

"Muttaƙa, halbinka aka yi!"

"Ka ga motocin da ke jere a bariki, ka san abin da suke jira. In ka kira, kafin la'asar sun iso nan. Waɗannan su kira nasu, nasu su kira baƙin da ke bayansu. Wa zai tsayar da shi? Kai?" Ya ja numfashi. "Garin Muhsina ne farko a hanya, Nasiru. Na Innata na biyu."

"To mi za mu ce?"

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, na wannan gefe da na wancan.

"Hauya ce ta sare ni. Na yi tuntuɓe na faɗa kanta. Duk wanda ya ga wani abu daban, ban yafe mai ba."

Nasiru ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya tura ta aljihu yana kuka kamar yaro.

Ashe Baba na tsaye bayanmu, ya biyo ni da amalanke, ya ji komai. Ya wuce wurin Tanimun, ya karɓi bindigar, ya miƙa wa Yaya Ashiru, ko kallon fuskarsa bai yi ba. Sannan ya tsuguna ya tallabi kan Muttaƙa da hannunsa.

"Baba, ku gafarce ni," in ji Muttaƙa, "ban cika aikin ba."

"Yi shiru, ɗana."

Ɗana. A kunnena ya faɗa.

Ba a kai shi asibitin soja ba, don can kallo ɗaya za su gane. Baba da kansa ya ƙetaro da shi, aka sa shi motar su Yaya zuwa likita a Ƙonni. Yaya Ashiru bai bi motar ba. Ya jingina bindigarsa a jikin turken, ya ɗauki hauyar Muttaƙa ya shiga kunya. Mai ganga ya share ido ya ci gaba. Kafin la'asar sun gama gonar, gefen Nijar da gefen Najeriya.

Da muka dawo gida Baba ya zauna bakin ƙofa ya kira Inna.

"Larai... goron nan, an maida?"

"Ta wace hanya, Malam? Iyaka na rufe."

"Ya bushe ke nan."

Inna ta sunkuyar da kai.

"Kullum da safe ina yayyafa mai ruwa."

Na rufe fuskata da tafin hannu na fashe da kuka.

Yaƙin bai zo ba, Allah Ya tsare. Amma Muttaƙa ya biya nasa kason. Gwiwar ba ta ƙara lanƙwasuwa ba, aikin soja kuma aka sallame shi, aka ce ya ƙetare iyaka ba izini. Sau uku suna titsiye shi kan raunin, sau uku yana ba su amsa guda. Tanimun ya zo asibiti ya durƙusa, Muttaƙa ya ce bai san laifin da ake roƙonsa ba, ai tsakaninsa da hauya ne. Ni dai, Allah Ya sani, sai da na shekara kafin na iya amsa gaisuwar Tanimun.

Bayan an yanke gero aka ɗaura mana aure, da geron gonar nan aka yi furar biki.

Har yau in baƙo ya ga yana jan ƙafa ya tambaya, dariya yake yi ya ce hauya ce. Ni ke shafa masa magani duk safiya. Akwai ƙwayar dalma uku da likita ya kasa cirewa, ina jin su ƙarƙashin yatsuna.

"Mi kika taɓa, Muhsinata?" sai ya ce.

"Hauya, masoyina."